Gano wurin karo a cikin na'urar ruwan zenon

Gano wurin karo hanya ce da masana fiziks ke bi don tantance inda wata ƙwaya ta bugi ƙwayar zarra ta zenon a cikin na'urorin neman ɓoyayyen abu. Ɓoyayyen abu shi ne abin da aka ƙiyasta ya kai kusan kashi 85 cikin 100 na duk abu mai nauyi a sararin samaniya. Ba ya fitar da haske, kuma har yanzu ba a kama ƙwayarsa ba.

Tsarin na'urar

Na'urar tulu ce da ake cikawa da zenon, iskar da aka sanyaya zuwa kusan digiri 100 ƙasa da sifili har ta zama ruwa. A samansa ana barin ɗan sarari na zenon mai iska. An jera na'urorin gano haske a sama da ƙasan tulun.

Auna zurfi

Idan karo ya faru, nan take haske na farko ke fita, wanda ake kira S1. Karon yana kuma 'yanta elektiron, sai ƙarfin lantarki ya ja su sama. Da sun shiga iskar, su ba da haske na biyu, S2. Tazarar lokaci tsakanin hasken biyu ita ke nuna zurfin karon, kamar yadda tazarar walƙiya da tsawa ke nuna nisan hadari. A na'urar LZ, elektiron na tafiyar kusan milimita 1.5 a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.

Auna gefe

Na'urorin sama da ke daidai kan wurin karon sun fi samun hasken S2. Kwamfuta na duba yadda hasken ya rabu a tsakaninsu ta lissafa wurin. Ana gwada daidaiton lissafin ta hanyar zuba iskar kiripton-83m, wadda ke bazuwa ko'ina cikin ruwan.

Muhimmanci

Yawancin karon da ake gani ba na ɓoyayyen abu ba ne. Turirin radiyeshan ne daga bango da kayan na'urar. Ruwan zenon ya kusan ninka ruwan sha sau uku a nauyi, don haka yana tare wannan turiri tun a gefe. Masana kan watsar da karon gefe, su riƙe na tsakiya. Idan lissafin wurin ya kuskure, ana iya ɗaukar karon bango a matsayin ɓoyayyen abu.

Gwaje-gwaje

LZ tana ƙarƙashin ƙasa a jihar Dakota ta Kudu, Amurka, da tan 7 na zenon a tulunta da na'urorin haske 494. A sakamakonta na farko, a Yulin 2022, tan 5.5 na tsakiya aka yi aiki da su. Sauran su ne XENONnT a Gran Sasso, Italiya, da PandaX-4T a Jinping, ƙasar Sin.