Daga Laso Zuwa Siminti: Tarihin Toshe Yoyo a Ƙasar Kazaure

Wanda ya taso daga Roni ya bi ta Kazaure ya nufi Babura zai ga ƙasa tana sauya kama. A wajen Roni da Kazaure duwatsu ne da tsakuwa da jar ƙasa mai danƙo. Can wajen Babura, dab da iyakar Nijar, rairayi ne mai shanye ruwa tun kafin hadari ya gama wucewa. Damina a nan ba ta cika wuce wata huɗu ba, sauran shekara kuwa sai abin da aka iya riƙewa. Shi ya sa dabarar hana ruwa zurarewa ta daɗe a hannun mutanen yankin.

Mafi tsufa a cikin dabarun ita ce ta kududdufi. Ana haƙa shi ne don ɗibar ƙasar gini, ba don ruwa ba, kuma a daminar farko yakan ƙafe da wuri. Sannu a hankali laka mai laushi ke kwanciya a gindinsa, shanu su shigo sha su tattake ta, har ta zama shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa. Irin wannan cuɗaɗɗiyar laka James Brindley ya shimfiɗa a magudanar Bridgewater ta Ingila, wadda aka buɗe a 1761, aka yi ta yaba masa. A ƙauyukan Gwiwa kofaton shanu ke yin aikin kyauta. Wannan ne ma dalilin da ya sa idan aka kawo mota ta yashe tafki ta zarce ƙasa, sai ya koma ƙafewa fiye da da: an fasa shimfiɗar.

Inda gwaninta ta kai ƙarshe shi ne a marina. Ruwan baba yana da tsada, ga toka mai cin jikin abu, kuma sai ya yi kwanaki a rami kafin ya nuna. Ramin da ke yoyo asarar jari ce kai tsaye. Maganin da marina suka samo shi ne laso, kuma daga cikin ramin kansa yake fitowa. Ana kwashe katsi, wato guggubin da ya kwanta a gindi, a dunƙula, a shanya, a ƙona, a daka. Sai a karɓo gashin jima daga majema, a jiƙa dakakkiyar dafara har ruwanta ya yi yauƙi, a kwaɓa su wuri guda. Katsi ke ba shi ƙarfi, yauƙin dafara ya haɗa shi, gashi kuwa ya ɗaure shi ta yadda ko ya bushe ba zai dare ba. Ana shafa shi a hankali, a bar shafi ya sha iska kafin a ƙara wani.

Philip Shea, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya nuna a bincikensa cewa ramukan laso ne suka maye gurbin manyan tukwanen rini, suka ba marinan ƙasar Kano damar rina tufafi da yawa a lokaci guda, har turkuɗinsu ya cika kasuwannin Sahara a ƙarni na 19. A ganina ba a ba wannan kwaɓi haƙƙinsa ba: ana yawan zancen shuɗin Ƙofar Mata, ba a cika tambayar abin da ya riƙe ruwan ba. Magina ma sun ɗauke shi suka kai kan rufin soro da bakin indararo. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai makuba ta ɓawon ɗorawa, wadda mata ke yayyafawa wajen daɓe.

Siminti ne ya ture su duka. A Najeriya an fara yin sa a Nkalagu a 1957, na Kalambaina a Sakkwato ya biyo baya a 1967, buhu ya iso kasuwannin ƙauye. A gefe guda rinin bature ya kashe yawancin karofi, kuma inda babu karofi babu katsi. Komin shayar da dabbobi, bakin rijiya, randar da ta tsage, har kaskon ruwan tattabaru, duk suka koma hannun birkila.

A wannan zamanin ne kuma aikin ya girma ya zama na gwamnati. Audu Bako, gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya duƙufa kan madatsun ruwa, farin 1973 ya ƙara nuna gaskiyarsa. An kammala madatsar Tiga a 1974, Kazaure ma ta samu nata dam a shekarun 1970, tun tana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991. Madatsar ƙasa kuwa ba siminti ke riƙe ta ba, dannanniyar laka ce a tsakiyar bangon, wato dabarar kududdufi da injin dannawa. Abokan gabarta su ne saiwar itace da gara da ramin ɓera.

Yau masu kiwon tarwaɗa a cikin gida ne suka fi kukan yoyo. Tankin bulo yakan tsage a kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, musamman idan an yi filasta cikin hunturu ba a yi ta ba ta ruwa ba har mako guda. Gwanin birkila ba ya shafe tsaga ta sama. Faɗaɗa ta yake yi da kurfi, ya wanke, ya jiƙa, sannan ya cusa kwaɓin da aka zuba wa garin hana yoyo. Bayan nan sai an jiƙa tankin an zubar sau da yawa kafin a saka kifi, don zafin sabon siminti na kashe su. Waɗanda suka gaji da faci sun koma tamfol, wanda rana ke cinyewa cikin 'yan shekaru. Kamfanonin kayan gini kuma suna sayar da wani siririn zare na roba da ake barbaɗawa a kwaɓin siminti don rage tsagewa, aikin da gashin jima ya yi a cikin laso.