Rabin Kaza, Sukuwar Dawaki da Tarihin Andalus

Tun daga bakin ƙofa ake ɗora wa yaro hular sarauta ta kwali. Launin hular shi zai nuna masa gefen da zai zauna da jarumin da zai mara wa baya cikin mahaya shida. Kafin uwa ta gama gyara wa ƙaramin zama, an rage fitilu, dawaki sun shigo fili a guje, ƙura ta tashi. Sai ga abinci: romon tumatir a kwano mai mariƙi, rabin gasasshiyar kaza, masara da dankali. Babu cokali. Da hannu ake ci, abin da yaran Amurka ke ɗauka a matsayin wani babban biki.

Wannan shi ne Medieval Times, gidan cin abinci da wasan dawaki. Tushensa yana ƙasar Sifaniya, a tsibirin Mayorka, inda ake shirya wa baƙi 'yan yawon buɗe ido irin wannan liyafa. Ya tsallaka teku a shekarar 1983, aka buɗe gidan farko a Kissimmee ta jihar Florida. Na Buena Park a Kalifoniya ya biyo baya a 1986, na Toronto a Kanada kuma a 1993. Dawakin, yawancinsu jinsin Andalus, kamfanin na kiwon su a gonarsa da ke Texas, kuma duk wanda ya san doki zai yaba yadda suke taku.

Masu gidan sun ce wasan yana nuna Sifaniya ta ƙarni na 11. A nan ne mai son tarihi zai ɗan gyara zama. Tumatir da masara da dankalin da ke gabansa duk amfanin gonar nahiyar Amurka ne, ba su shiga Turai ba sai bayan tafiyar Kolombos ta 1492. Mayaƙan ƙarni na 11 kuwa gasarsu ta farko turmutsutsu ce ta rundunoni biyu a fili. Karon mutum biyu da dogayen masu irin na wasan, da shinge a tsakaninsu, sai a ƙarni na 15 ya kafu. Kuma ba wasan yara ba ne: a 1559 tsinken mashi ya shige wa Sarkin Faransa Henri na Biyu ido, ya rasu bayan kwana goma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda labarin ya bari a waje. A ƙarni na 11, babban ɓangare na Sifaniya yana hannun Musulmi. Halifancin Ƙurɗuba ya wargaje a 1031, ƙasar ta rarrabu tsakanin ƙananan sarakuna masu gaba da juna. Sarkin Kirista Alfonso na Shida ya ƙwace Toledo a 1085. Da wuya ta yi wuya, sarakunan Musulmin suka nemi gudunmawa daga tsallaken ruwa, Yusuf ɗan Tashfin ya haye da rundunar Murabiɗuna, mutanen Sanhaja masu rufe fuska da rawani, waɗanda suka taso daga yammacin Sahara. A 1086 suka fatattaki Alfonso a Zallaƙa. Shi kansa El Cid, gwarzon da Sifaniyawa ke taƙama da shi, ya yi shekaru yana yi wa sarkin Musulmi na Zaragoza yaƙi kafin ya ci Balansiya a 1094, kuma laƙabin nasa daga kalmar Larabci "sayyid" ya samo asali.