Toshe bawul ɗin EGR a tsofaffin motocin dizal

EGR na'ura ce da ke mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin injin, ya gauraya da iskar da injin ke shaƙa. Da yake hayaƙin ya riga ya ƙone, yana rage zafin ƙonewar mai, hakan kuma na rage iskar naitirojin oksaid mai cutar da huhu. An fara sa ta a motocin fetur na Amurka a farkon shekarun 1970, ta yaɗu a motocin dizal na Turai musamman bayan dokar taƙaita hayaƙin motoci ta Euro 3 ta shekarar 2000.

Matsalarta a injin dizal ita ce kunkunniya. Tana haɗuwa da tururin baƙin mai, ta daskare a bawul da bututun shigar iska, sai mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Wannan ne ke sa wasu makanikai su toshe hanyar da farantin ƙarfe, ko su cire tiyon da ke buɗe bawul. A motocin da kwamfuta ke sarrafawa kuwa, sai an sauya manhajarta, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta kunnu.

Toshewar na hana daskarewar, amma naitirojin oksaid na ƙaruwa sosai. Dokar tsaftar iska ta Amurka ta haramta yin haka, a Birtaniya ma motar da aka gano an cire mata na'urar kan faɗi gwajin shekara-shekara. Wanke bawul ɗin ko sauya shi ne gyaran da doka ta yarda da shi.