Layin da Ya Fita Sahu

A shekarun 1980 ina da tebur da tafireta ƙirar Olympia a wata rumfa a Unguwar Dosa, wajen kwalejin Sardauna Memorial. Wasiƙun neman aiki nake bugawa, da takardun cinikin fili. Maigidan da ya koya mini sana'ar bai cika damuwa da saurin yatsa ba, gefen takarda yake dubawa. Kowane sakin layi sai ya shiga ciki da tazara biyar, adireshi kuma ya miƙe kamar sahun sallah. Akwai 'yan ƙarafuna da muke kafawa a jikin na'urar, da ka danna Tab sai takarda ta zarce ta tsaya cak a wurin. Ƙugiyar ƙ da ɗ kuwa, da biro muke ƙara ta.

Da kwamfuta ta cinye mana kasuwa, na ɗauka an binne wannan ilimi tare da takardar kabon. Sai kwanan baya jikana ya raba dare yana fama da wata manhaja da yake rubutawa da harshen Python. Ban san ko harafi ɗaya na abin ba, amma da na leƙa sai na ce, "Kai ɗan nan, wancan layin ai ya fita sahu." Ya tura shi ciki, abu ya tashi.

Ashe tsohuwar doka ce a wurin masu rubuta manhaja. Harshen FORTRAN da kamfanin IBM ya fitar a 1957 a kan kati mai gurbi 80 ake huda shi, umarni kuma daga gurbi na 7 zuwa na 72 yake zama. A 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙiro manhajar Make a Amurka, ya sa wasu layuka dole su fara da Tab. Har yau wanda ya sa tazara a madadinsa yana shan wahala. Guido van Rossum, mutumin Holan, shi ya kai abin ƙarshe a 1991: a Python zurfin shigar layi ne ke nuna wane umarni ke ƙarƙashin wane. Abin da muke yi don kwalliya, su nahawu ne.

Ƙa'idar da masu Python suka rubuta a 2001 ta ce tazara huɗu. Na ce wa yaron biyar ta fi kyau a ido. Ya ce, "Kaka, huɗu ce." Na bar masa, amma babban yatsana biyar ya sani.