Tsufan Taya Da Lissafin Gudu: Abin Da Lambobi Huɗu Ke Faɗa Wa Matafiyi

Komai girman mota da tsadarta, abin da yake taɓa kwalta daga jikinta bai wuce wurare huɗu ba, kowanne kamar faɗin tafin hannun babban mutum. Ta nan ƙarfin inji yake sauka ƙasa, ta nan birki yake aiki, ta nan kuma motar take shan kwana. Idan robar da ke waɗannan wurare ta gaza, inji da gwanintar direba ba su da abin da za su tsinana. Ita kuwa roba tsufa take yi ko ana morar ta ko tana jibge a shago, kuma ba kasafai ido yake ganin tsufan ba. Taya tana iya zama da zane raɗau, baƙa wuluk tana sheƙi saboda man da ɗan kasuwa ya shafa mata, alhali ta daɗe da cin zamaninta.

Gudu da sauyin gudu

Masana kimiyyar motsi suna bambanta abubuwa biyu. Gudu shi ne nisan da mota take ci cikin wani lokaci, misali kilomita 100 a awa. Sauyin gudu kuwa shi ne yadda gudun yake ƙaruwa ko raguwa a kowane sakan. Kilomita 100 a awa daidai yake da kusan mita 28 a sakan ɗaya. Saboda haka motar da ta tashi daga tsaye ta kai wannan gudu cikin sakan 10, tana ƙara kusan mita 2.8 a kan gudunta kowane sakan. Taka birki ma sauyin gudu ne, sai dai na raguwa. Haka nan shan kwana, domin juya alƙibla yana buƙatar ƙarfi ko da allurar gudu ba ta motsa ba.

Ƙa'idar da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ta ce ƙarfin da ake buƙata shi ne nauyin abu sau sauyin gudunsa. Motar da aka ninka mata lodi tana buƙatar ninkin ƙarfi kafin ta tashi ko ta tsaya cikin lokacin da ta saba. Abin da ake yawan mantawa shi ne inda ƙarfin yake fitowa. Inji juya ƙafa kawai yake yi. Taya ce take tura ƙasa baya, ƙasa kuma ta tura motar gaba. Duk wanda ya taɓa kafewa a laka da damina ya ga wannan da idonsa: inji yana ta kururuwa, ƙafa tana ta juyawa, mota tana nan inda take. Iyakar abin da mota za ta iya, a tashi ko a tsayawa, shi ne iyakar riƙon da ke tsakanin roba da hanya.

Injiniyoyi suna auna wannan riƙo da lamba. Taya mai kyau a kan busasshiyar kwalta tana samun kusan 0.8. A wannan ma'auni, motar da ke gudun kilomita 50 a awa za ta tsaya cikin kusan mita 12 bayan birki ya kama. A gudun 100, sai ta ci kusan mita 49. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. A gudun 120, nisan ya kai kusan mita 71. Idan ruwan sama da suɗewar taya suka mayar da riƙon 0.4, mai gudun 100 yana buƙatar kusan mita 98, wato dab da tsawon filin ƙwallon ƙafa. Wannan ban da mita 28 da motar take ci a kowane sakan da direba ya ɓata kafin ƙafarsa ta isa birki. Riƙon kuma guda ɗaya ne da birki da kwana suke rabawa a tsakaninsu, shi ya sa wanda ya danne birki a tsakiyar kwana yakan ji motar ta zame.

Yadda roba take tsufa

Ɗanyen danƙo ba ya jure zafi. Sai da Charles Goodyear ya gano dafa shi da farar wuta, ya kuma yi wa dabarar rajista a 1844, sannan aka samu roba mai ƙwari da talewa. Tayar zamani haɗi ce ta wannan roba, da wani baƙin gari dangin kunkunniya wanda yake ƙara mata ƙarko, da zaruruwa, da shimfiɗun wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zane. Lafiyar taya ta dogara ne a kan yadda robar take manne da waɗannan wayoyi.

Iskar oksijin ce babbar abokiyar gabarta. Tana cin roba daga waje, tana kuma cin ta daga ciki, domin iskar da mai faci ya ɗura tana ratsa jikin tayar a hankali. Sannu-sannu robar takan ƙandare, riƙonta ya ragu, gefenta ya fara tsattsagewa, mannewarta da wayoyi ta yi rauni. Ƙarshen lamarin shi ne bayan taya ya saɓule ana tsakiyar gudu. Zafi yana hanzarta wannan aiki ƙwarai. Da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta so nazarin tsufan taya, birnin Phoenix da ke hamadar Arizona ta je ta tattaro tayoyi, saboda zafinsa. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa bayan jerin haɗurran da akasarinsu suka rutsa da motocin Ford Explorer, kuma matsalar ta fi ƙamari a jihohin Amurka masu zafi, bayan ta riga ta bayyana a Saudiyya da Benezuwela. Wanda ya san yadda kwaltar Sakkwato ko Maiduguri take turiri a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa yake haura digiri 40, ba ya buƙatar dogon bayani.

Wani abin mamaki shi ne ajiya ba ta ceton taya. Masu ƙera ta suna zuba mata sinadaran kariya da suke tsattsafowa zuwa fatarta yayin da take juyawa tana lanƙwashewa. Tayar da ba ta aiki ba ta samun wannan gata sosai. Safayar da ta shekara bakwai rataye a bayan jif tana shan rana, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, tsohuwa ce.

Karanta jikin taya

A gefen galibin tayoyi akwai jerin haruffa da lambobi da suka fara da DOT, taƙaitaccen sunan Ma'aikatar Sufuri ta Amurka. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar tayar. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni. Sau da yawa cikakken jerin a gefe ɗaya kawai yake, don haka idan ba a gan shi a waje ba sai a leƙa ta ciki. Tayar da take da lambobi uku kacal an yi ta ne kafin shekarar 2000. Mutane da yawa suna ɗaukar lambobin nan a matsayin ranar ƙarewar wa'adi, kamar na jikin kwalbar magani. Kuskure ne: ranar ƙira ce, daga ita ake fara ƙirga.

Sauran rubutun ma yana da amfani. A 195/65 R15 91H, lamba 195 faɗin taya ne da milimita, 15 kuma girman wili da inci. Lamba 91 tana nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 615, harafin H kuma iyakar gudunta ne, kilomita 210 a awa. Wasu tayoyin suna ɗauke da darajar jure zafi, A ko B ko C, kuma A ce ta fi dacewa da ƙasa mai rana. Hoton tsauni mai ƙololuwa uku da tauraron ƙanƙara a ciki alama ce ta tayar hunturun Turai, mai taushin roba, wadda aka tsara don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kan zafin kwalta takan ƙara laushi, ta cinye da wuri, birkinta kuma ya yi tsawo. Shi kuwa zane, sabuwar taya tana zuwa da zurfin kusan milimita 8, dokar ƙasashen Turai kuma ta hana amfani da wadda ta gaza 1.6. Aikin ramukan zanen shi ne kore ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan suka shafe, motar takan hau kan ruwa ta yi iyo, sitiyari ya zama ado.

Shekara nawa ne wa'adin?

Bakin masana bai zo ɗaya ba. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin ƙwararre kowace shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma komai kyanta. Kamfanin Ford ya tsaya a shekara shida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana shelar shekara huɗu daga ranar ƙira. Wannan ya fi na masu ƙera tayar tsauri, amma idan aka dubi zafi da ramuka da lodin da tayar Najeriya take sha, ba za a ce hukumar ta yi ƙari da yawa ba.

A Birtaniya sai da uwa ta tashi tsaye kafin doka ta samu. A watan Satumban 2012 wata doguwar bas ta yi haɗari a kudancin Ingila, mutum uku suka mutu, ciki har da wani saurayi ɗan shekara 18, Michael Molloy. Bincike ya nuna tayar gaba da ta fashe ta haura shekara 19, ta girme shi ke nan, kuma babu dokar da aka karya. Mahaifiyarsa, Frances Molloy, ta shafe shekaru tana matsa wa 'yan majalisa lamba, har aka haramta sa tayar da ta wuce shekara goma a ƙafafun gaba na manyan motoci da bas-bas daga 1 ga Fabrairun 2021.

Inda tayoyin suke fitowa

Najeriya tana noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba, kuma ta taɓa samun manyan masana'antun taya biyu. Michelin ya rufe tasa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Ikeja a 2008, dukkansu suna kuka da tsadar wutar lantarki da kuma rage harajin shigo da tayoyin waje. Tun daga nan ƙasar ta koma dogaro da abin da jirgin ruwa ya kawo.

A takarda, tayoyin gwanjo na ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su. A zahiri, 'yan Beljiyam suna nan jere a bakin manyan tituna, ba a ɓoye ba. Cikinsu akwai waɗanda masu su suka yar saboda shekaru, da na hunturu, da waɗanda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, abin da ba a yarda da shi ba sai a wasu tayoyin tirela da aka ƙera don haka. Sabbin ma ba duka suka tsira ba. Wasu 'yan kasuwa suna cusa taya cikin taya, uku ko huɗu, don kwantena ta ɗauki da yawa, kuma matsin yakan lanƙwasa wayoyin ciki ta yadda ba a gani. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, ta sha kama irin waɗannan a rumbunan ajiya a Legas.

A nan ne batun yake komawa siyasa. Direban hayar da janye tallafin mai da faɗuwar naira tun 2023 suka matse, ba don son mutuwa yake sayen gwanjo ba. Tayar ta wuce tashar jiragen ruwa ko iyakar ƙasa, ta wuce kasuwa, amma galibi a shingen kan hanya hukunci yake sauka, a kan mutum na ƙarshe kuma mafi rauni a jerin. Fasinjan da ya biya kuɗin kujera kuwa ba a taɓa tambayarsa ba, ko da yake babu abin da ya hana shi duƙawa a tasha ya karanta lambobi huɗun kafin ya hau.

Iska, lodi da fashewa

Tsufa yana raunana taya, amma ƙarancin iska da yawan lodi su ne suke ƙarasa ta. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da waya. Ma'aunin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bi ba, ballantana bugun ƙafa ko ƙwanƙwasa da sifana. Da safe ake gwadawa, kafin mota ta yi tafiya, domin iska takan hau idan taya ta ɗau zafi, kuma sace wannan ƙarin a tsakiyar tafiya ɓarna ce.

Idan taya ta yi bindiga, ƙafa birki take nema, kuma nan ne haɗarin yake. Ƙafafu uku suna riƙe da kwalta, ɗaya ta saki, don haka birki mai ƙarfi yana jan motar gefe guda, ya juya ta ko ya kifar da ita, musamman doguwar mota irin jif ko bas mai kaya a sama. Abin da ake koyarwa shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙe hanya, a sassauta totur a hankali, sai gudu ya ragu sosai sannan a taɓa birki a gangara gefe.

Ranar 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Rahoton da FRSC ta gabatar wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ya ambaci fashewar tayar baya, da gudun da ya wuce ƙa'ida, da kuma danne birki bayan fashewar. Da hukumar ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a watan Fabrairun 2017, motocin haya da na kasuwanci ta shafa, ban da irin jif ɗin da ministan yake ciki.