Zaɓen cike gurbi a Jihar Kebbi

Zaɓen cike gurbi zaɓe ne da ake gudanarwa a mazaɓa guda domin samun wanda zai maye kujerar da mai ita ya bari kafin wa'adinsa ya cika. A Najeriya kujerun majalisa kusan kaɗai ya shafa, wato Majalisar Dattawa, Majalisar Wakilai da majalisun dokoki na jihohi, kuma Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, INEC, ce ke shirya shi. Wanda ya yi nasara ba ya fara sabon wa'adi na shekara huɗu, ragowar wa'adin wanda ya gada yake ƙarasawa.

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da mazaɓun sanata 3, na Majalisar Wakilai 8, na Majalisar Dokokin Jiha 24, da ƙananan hukumomi 21. Kowace daga cikin kujerun nan na iya zama gurbi, kuma masu rajista a mazaɓar da abin ya shafa ne kawai ke kaɗa ƙuri'a. Mai zaɓe a garin Gulma, alal misali, yana ƙaramar hukumar Argungu, yana mazaɓar tarayya ta Argungu da Augie, yana kuma mazaɓar sanata ta Kebbi ta Arewa. Idan kujerar sanatan Kebbi ta Tsakiya ce ta zama gurbi, ba za a buɗe rumfa ko ɗaya a Gulma ba, duk da kusancin garin da Birnin Kebbi.

Yadda kujera ke zama gurbi

Ban da mutuwa da murabus, sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera dalilan da ke raba ɗan majalisar tarayya da kujerarsa, sashe na 109 kuma ya maimaita su ga 'yan majalisun jihohi. Daga ciki akwai komawa wata majalisar, da karɓar muƙamin minista ko kwamishina ko mai ba da shawara na musamman, da zama gwamna ko mataimakinsa, da ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman majalisa a shekara ba tare da uzuri ba. Akwai kuma kiranye, da sauya sheƙa zuwa wata jam'iyya.

A aikace mutuwa da naɗin muƙami su ne ke haifar da mafi yawan zaɓukan. Kiranye yana da wuyar gaske: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yunƙurin da aka yi kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma ya rushe ne a matakin tantancewa a watan Afrilun 2018.

Sauya sheƙa ita ce ƙa'idar da aka fi rubutawa a jarida, aka fi kuma ƙyalewa a zauren majalisa. Tsarin mulki ya yi togaciya ga wanda ya fice saboda jam'iyyarsa ta dare gida biyu ko ta narke cikin wata, kuma kusan duk mai ficewa da wannan togaciyar yake kafa hujja. Shugaban majalisar ne ke da alhakin aiwatar da hukuncin, shi kuma ba ya gaggawar korar wanda ya shigo jam'iyyarsa. A watan Yunin 2022 Sanata Yahaya Abdullahi na Kebbi ta Arewa da Sanata Adamu Aliero na Kebbi ta Tsakiya sun bar APC zuwa PDP. A watan Mayun 2025 su biyun tare da Sanata Garba Musa Maidoki na Kebbi ta Kudu suka koma APC. Ba a ayyana kujerunsu a matsayin gurbi ba a duka lokutan biyu.

Wa'adin da doka ta tsayar

Sashe na 76 ya ce a cike gurbin majalisar tarayya cikin kwana 30 daga ranar da ya samu, matuƙar ya rage fiye da kwana 90 kafin a rushe majalisar. Sashe na 116 ya yi wa majalisun jihohi irin wannan tanadi. Idan gurbin ya zo a cikin kwana 90 na ƙarshe, babban zaɓe ake jira.

Da wuya a cika wannan wa'adi. INEC ba ta fara shiri sai shugaban majalisar ya sanar da ita a rubuce cewa kujera ta zama gurbi. Bayan haka sai ta ba jam'iyyu lokacin zaɓen fidda gwani da miƙa sunaye da yaƙin neman zaɓe, ta buga takardun ƙuri'a, ta ɗauki ma'aikatan wucin gadi. Ga kuma matsalar kuɗi, domin babu wanda ya san ranar da gurbi zai samu balle a sa shi a kasafi. Farfesa Mahmood Yakubu ya sha kokawa da wannan a lokacin da yake shugabantar hukumar. Abin da INEC ta saba yi shi ne ta tara guraben jihohi da dama ta yi zaɓensu a Asabar ɗaya. Wannan na rage ɗawainiya, amma mutanen mazaɓar ne ke biyan farashi, don ba su da mai gabatar da ƙudiri ko bin kadin ayyukansu a kasafin kuɗi har sai an rantsar da sabon wakili. Ɗan majalisar jihar Kano mai wakiltar Bagwai da Shanono, Halilu Ibrahim Kundila, ya rasu a watan Afrilun 2024, amma sai ranar 16 ga Agusta, 2025 aka zaɓi magajinsa.

Kujerun da ba a yi wa zaɓen cike gurbi

Idan gwamna ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, mataimakinsa ne ke hawa kai tsaye bisa sashe na 191, ba tare da an koma rumfar zaɓe ba. Haka Ibrahim Gaidam ya gaji Mamman Ali a Yobe a 2009, Mukhtar Ramalan Yero ya gaji Patrick Yakowa a Kaduna a 2012. Sashe na 146 ya yi wa shugaban ƙasa irin wannan tanadi, wanda aka bi bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa ranar 5 ga Mayu, 2010. Gurbin mataimakin gwamna kuwa gwamna ne ke tsayar da mutum, majalisar jiha ta amince. Sai idan kujerun biyu sun zama gurbi a lokaci guda ne kakakin majalisa ke riƙewa na tsawon da bai wuce wata uku ba, a yi zaɓe a cikin lokacin. Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, har da kansilan mazaɓar Gulma, suna ƙarƙashin dokar jiha ne da hukumar zaɓen jihar, ba INEC ba.

Kebbi ta Tsakiya, 2009

Zaɓen cike gurbin da ya fi tasiri a siyasar Kebbi shi ne na kujerar sanatan Kebbi ta Tsakiya. Muhammad Adamu Aliero, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007, ya shiga Majalisar Dattawa a 2007 a inuwar PDP. A watan Disamban 2008 Shugaba 'Yar'aduwa ya naɗa shi Ministan Babban Birnin Tarayya, kujerar ta zama gurbi, Abubakar Atiku Bagudu na PDP ya lashe zaɓen ya shiga majalisa a 2009.

Muƙamin ministan bai daɗe ba, domin an rushe majalisar ministoci a watan Maris na 2010. Da Aliero ya nemi komawa tsohuwar kujerarsa a 2011 ƙarƙashin CPC, Bagudu ya kayar da shi. A 2015, su biyun suna APC, Bagudu ya zama gwamna, Aliero ya koma Majalisar Dattawa. Sun sake karawa kan kujerar a 2023, Aliero a PDP, Bagudu a APC yana gwamna mai barin gado, Aliero ya yi nasara. Ke nan gurbin da ya rage masa shekara biyu da 'yan watanni shi ya fito da mutumin da ya mulki jihar shekara takwas, ya kuma shata hamayyar da ta ɗauki fiye da shekara goma.

Yauri, Shanga da Ngaski, 2024

Dakta Yusuf Tanko Sununu, mai wakiltar Yauri da Shanga da Ngaski a Majalisar Wakilai, ya zama Ƙaramin Ministan Ilimi a watan Agustan 2023, kimanin wata biyu bayan rantsar da majalisa ta goma. An yi zaɓen cike gurbinsa ranar 3 ga Fabrairu, 2024, tare da na wasu mazaɓu da suka haɗa da Yobe ta Gabas da Ebonyi ta Kudu, waɗanda su ma naɗin ministoci ne ya haifar da su. Mazaɓar ta yi fiye da wata biyar ba ta da wakili.

Zaɓukan da ake rikita su da shi

A bakin jama'a da ma wasu kafafen yaɗa labarai, kusan duk zaɓen da aka yi ba a ranar babban zaɓe ba ana ce masa na cike gurbi. A doka iri uku ne daban, kuma Kebbi ta ga dukkansu.

Na farko shi ne wanda aka bayyana a sama. Na biyu shi ne sake zaɓe bisa umarnin kotu, inda 'yan takarar da suka fafata a zaɓen da aka soke su ne ke sake tsayawa. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari ta 2011 bayan ƙarar da CPC ta shigar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar masa da kujerar a ƙarshen Disamban 2011, amma ba ta bayar da dalilan hukuncinta ba sai a watan Janairu, bayan kwana 60 da tsarin mulki ya ba ta sun wuce. A kan haka Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ranar 24 ga Fabrairu, 2012. Kakakin majalisar jiha, Aminu Musa Habib Jega, ya zama muƙaddashin gwamna, aka sake zaɓe ranar 31 ga Maris, Dakingari ya dawo. Sabuwar rantsuwar ba ta ƙara masa ko kwana ɗaya ba: gyaran da aka yi wa sashe na 180 a 2010 ya ce a lissafa lokacin da gwamna ya riga ya ci kafin soke zaɓensa, shi ya sa ya sauka ranar 29 ga Mayu, 2015 tare da takwarorinsa. Wannan gyara martani ne ga abin da ya faru a jihohi irin su Sakkwato, inda aka sake zaɓen Aliyu Magatakarda Wamakko a 2008, aka shiga jayayya kan ranar da wa'adinsa ya fara, har Kotun Ƙoli ta sauke shi tare da wasu gwamnoni huɗu ranar 27 ga Janairu, 2012.

Na uku shi ne ƙarashen zaɓe, wanda mutanen Kano suka laƙaba wa inkwankulusib tun daga 2019. Ana yin sa ne idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe a cikinsu ba. Rumfunan nan kaɗai ake komawa, a ɗora sakamakonsu a kan na farko. Zaɓen gwamnan Kebbi na 18 ga Maris, 2023 ya tsaya a haka, aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu, Nasir Idris na APC ya kayar da Aminu Bande na PDP. A wannan ranar aka ƙarasa zaɓen sanatan Kebbi ta Arewa, mazaɓar da ta haɗa Argungu, Augie, Arewa, Dandi, Suru da Bagudo, inda Yahaya Abdullahi ya riƙe kujerarsa.

Yanayin zaɓen

Galibi mutane ba sa fitowa kamar yadda suke yi a babban zaɓe. Kujera ɗaya ake nema, wani lokaci kuma ranar kan faɗo a tsakiyar damina ko lokacin aikin shinkafa a fadama. Jam'iyyu kuwa sukan tattaro ƙarfinsu duka su zuba a wuri ɗaya, gwamna da kwamishinoni da manyan jam'iyya daga maƙwabtan jihohi duk su sauka a ƙananan hukumomi biyu ko uku. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jam'iyyar da ke mulkin jiha ta fi yawan lashe irin waɗannan zaɓuka.

Gurbi ɗaya kan haifi wani. Bayan rasuwar Sanata Mustapha Bukar na Katsina ta Arewa a watan Afrilun 2018, an yi zaɓe ranar 11 ga Agusta, inda Ahmad Babba Kaita na APC ya kayar da ɗan uwansa Kabir Babba Kaita na PDP. Ahmad ɗan Majalisar Wakilai ne mai wakiltar Kankiya da Kusada da Ingawa, don haka sai da aka sake zaɓe a can a watan Nuwamba. Wanda ya ci shi ne Abubakar Yahaya Kusada, kakakin majalisar jihar Katsina, tasa kujerar ita ma ta zama gurbi.

Ƙanƙantar zaɓen ta sa INEC ke gwada sababbin dabaru a cikinsa. An fara ɗora hotunan takardun sakamako na rumfuna a shafin intanet na IReV a zaɓen cike gurbin mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya, jihar Nasarawa, ranar 8 ga Agusta, 2020. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS kuma an fara aiki da ita ne a zaɓen cike gurbin Isoko ta Kudu ta Ɗaya, jihar Delta, ranar 11 ga Satumba, 2021, kafin a kai ta ko'ina a 2023.

A wasu ƙasashe

Najeriya ta gaji wannan tsari ne daga Birtaniya, inda kowace mazaɓa ke da wakili ɗaya, kuma idan ya tafi sai a koma ga masu zaɓe. Gana ma haka take yi, da wa'adin kwana 30, ko 60 idan mutuwa ce ta kawo gurbin. A Amurka gurbin Majalisar Wakilai sai da zaɓe, amma a yawancin jihohi gwamna na iya naɗa sanata na wucin gadi. Jamhuriyar Nijar, wadda ta yi iyaka da Kebbi ta yankunan Arewa da Dandi, ta bi wata hanyar a ƙarƙashin tsarin mulkinta na 2010, kafin juyin mulkin Yulin 2023: ana zaɓen kowane ɗan majalisa tare da madadinsa, idan ya rasu ko aka ba shi minista sai madadin ya hau kujerar ba tare da an sake kiran masu zaɓe ba.