Kan jirgin da ke tsaye a tashar Minna: kakan jiragen Arewa

 Yau tarihin wani ƙarfe zan ba ku, wanda ya girmi layin dogon Kano da shekara goma.

Mu 'yan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, in an ce tarihin jirgin ƙasa, abin da muka sani shi ne ya iso Kano a 1911, sai kuma dalar gyaɗa. To amma jirgin farko a Arewa ba nan ya fara gudu ba. A 1901, Lugga yana shirin mayar da hedikwatarsa Zungeru. Kayan Turawa ta ruwa suke zuwa, su bi Kwara su shiga kogin Kaduna, amma jirgin ruwa ba ya ƙarasawa Zungeru. Sai aka shimfiɗa ɗan siririn dogo daga Wushishi, wajen mil 12, daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi, alhali dogon da ya ratsa Kano ƙafa uku da rabi ne. Kan jirgin kuwa kamfanin Hunslet na garin Leeds a Ingila ne ya ƙera shi.

Yadda yake aiki ba wani siddabaru ba ne. A hura wuta, ruwan tukunya ya tafasa, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu. Mutum biyu ne a kai, direba da mai zuba wa wuta makamashi. Shi ya sa a da sai ka ga tankin ruwa a tashoshi: ba ruwa, ba tafiya.

Da babban dogo ya iso, aikin wannan ƙaramin layi ya ƙare. Aka kwashe kayansa aka kai sabon layin Zariya zuwa Jos, wanda ya isa can a 1914 don jigilar kuza. Shi ma an rufe shi a 1957, lokacin dizal ya fara korar tururi. Kan jirgi mai lamba 1 na Wushishi ya tsira, an girke shi a tashar Minna. Wasu na layin Jos kuma suna gidan tarihi na Jos.

Nan ne nake so ku saurara da kyau. Adanawa daban, farfaɗowa daban. Namu an ajiye su ne don kallo. Kafin kan jirgi ya sake hayaƙi, sai an kwance shi gaba ɗaya, an auna kaurin tukunya, an canja bututun da tsatsa ta ci, an matsa mata ruwa an tabbatar ba ta yoyo, don tukunyar tururi in ta fashe kisa take yi. Abin da kuɗi: gyaran Flying Scotsman na Ingila, ƙirar 1923, ya ɗauki shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, ya ci sama da fam miliyan 4.

Kar ka ce wannan sai Turawa. Duba Saliyo. Dogonsu irin na Wushishi ne, ƙafa biyu da rabi. Da aka rufe shi wajen 1975, wasu kawunan jirgi da taragai suka tsira a tsohuwar ma'aikatar reluwe da ke Cline Town a Freetown, suka tsallake yaƙin basasa, aka share su aka buɗe gidan tarihi a 2005. Wani kan jirginsu, mai lamba 85, shi ma ƙirar Hunslet, wani layin masu yawon buɗe ido a yankin Wales ya saye shi, ya yi shekaru yana jan fasinja a can. Ka ga abin da rumfa da ƙofa mai kwaɗo suka yi.

Mu fa? Kano ce gyaɗa ta fi azurtawa ta hanyar dogo, su Alhassan Ɗantata ta nan suka yi ta lodi zuwa Ikko. Amma tambayi yaron unguwarku ko ya taɓa ganin kan jirgin tururi da idonsa. Ƙarfen da ba a san darajarsa ba, kilo ne a wajen ɗan gwangwan, kuma in an narka shi ya tafi ke nan.

Ni a ganina ba sai mun jira miliyoyi ba. Rumfa, fenti, da allo mai bayani da Hausa sun isa farawa. Kuma akwai abin da ya fi ƙarfen saurin ɓacewa: dattawan da suka tuƙa shi. Wanda ya kama aikin reluwe a 1960 yana ɗan shekara 20, yau ya haura 80. In kakanka ko maƙwabcinka tsohon ɗan reluwe ne, je ka gaishe shi, ka ce "Baba, a ba mu labari," ka naɗi muryarsa a waya, ka turo mana. In kuma hanya ta bi da kai Minna, tsaya tasha ka ɗauko mana hoton lamba 1.